Tambaya ga manyanmu: aikin ƙuruciya da tarin kuɗi suna riƙe mutum in girma ya zo?

Yaron_Kwari: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma ina roƙon manyanmu da ke nan su amsa min tsakani da Allah. Shekaruna 23. Ina tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari, Asabar da Lahadi kuma ina zuwa karatun difloma. Maigidana yana ba ni kuɗin abinci kullum, in an yi ciniki mai kyau ya ƙara min wani abu. Shekara uku ke nan ina tsuke bakin aljihu, ina zubin adashi dubu biyar duk mako. Mahaifina maganarsa ɗaya ce kullum: wanda bai tara da ƙuruciya ba zai yi roƙo da furfura. To ga abin da ke ci min rai. Kuɗin da na kwasa na ajiye a 2022, a lokacin zai saya min keken ɗinki biyu, yanzu ko ɗaya sai na yi ciko. Abokaina da suka kashe nasu a waya da shadda sun mori abinsu. Ni na hana kaina, kuɗin kuma ya narke a ajiye. Da gaske ne wahalar nan tana biyan mutum daga baya, ko dai maganar ta zamanin iyayenmu ce?

Tsohon_Hedimasta: Wa alaikumus salam ɗana. Mahaifinka bai faɗi ƙarya ba, sai dai maganar tana son ƙarin bayani. Na fara koyarwa a firamare a 1984, na yi ritaya a 2019 bayan shekara 35. Ranar da na ajiye alli na ɗauka cikin 'yan watanni za a ba ni garatutina. Sai da na yi shekara uku da rabi ina jira. Abin da ya rufa min asiri shi ne filin da na saya a bayan gari a 1991, lokacin wurin gonar gero ce, ana ta ce min wa zai zauna a dajin nan. Duk ƙarshen wata in an yi albashi, kafin in isa gida sai in biya ta wurin masu buga bulo, in biya kuɗin guda talatin, a rubuta a littafi, in bar su a can. Wani watan ashirin, wani watan ko ɗaya ba na iyawa, musamman in Sallah ta matso. Shekara tara na yi kafin in rufa ɗaki biyu da kwano. Yau a ciki nake, kuma shaguna biyu da na fitar ta bakin titi su ke ciyar da mu. Abokin aikina da muka fara rana ɗaya, mutumin kirki ne wallahi, ya fi ni sakin hannu, amma har ya rasu a gidan haya yake. Bayan an yi arba'in mai gidan ya nemi iyalinsa su tashi, ni na taya su neman inda za su koma. Saboda haka ka ci gaba da tari, amma kar ka bar shi a takardar naira.

Ummu_Sultan: Allah ya ƙara wa rayuwa albarka Baba Hedimasta. Allah ya jiƙan abokin naka.

Abba_Sharaɗa: Baba, da girmanka, amma ni ban gamsu ba. Mahaifina dako ya yi a kasuwar Singa sama da shekara talatin. Tun asuba yake fita, buhun sukari da na fulawa a ka da gadon baya, bai taɓa shan ko taba ba, bai san majalisa ba. Yanzu yana kwance da ciwon baya, ko bandaki sai an riƙe shi, kuma bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba. Wa ya fi shi aiki? Abin da yake samu a rana a ranar muke cinye shi, mu tara ne a gidan. Me zai tara? Ku da kuka samu albashi lokacin da fili yake araha ku gode wa Allah, amma ku daina nuna kamar duk wanda ya tsufa cikin talauci sakacinsa ne. Mafi ƙarancin albashi yanzu dubu 70 ne tun 2024, ku lissafa kuɗin mota da na abinci ku gaya min nawa zai rage.

Tsohon_Hedimasta: Abba, Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya sa kaffara ne. Ban ce sakacinsa ba ne, kuma in maganata ta yi kama da haka ka yafe ni. Na san irinsa da yawa, 'ya'yansu na koyar. Amma ka dubi wani abu: ku tara ɗin nan da ya ciyar da guminsa, ku ne abin da ya tara. Yanzu ku ya rage wa.

Abba_Sharaɗa: Haka ne Baba. Muna iya ƙoƙarinmu.

Hajiya_Uwar_Adashi: Yaron_Kwari, ɗana, bari in yi maka maganar abin da na sani. Shekara goma sha bakwai ina riƙe adashin mata a unguwarmu a Zariya. Adashi ba wurin ajiya ba ne, hanya ce ta haɗa kan kuɗi ya zama dunƙule. Wanda ya yi kwasar farko tamkar an ba shi rance ne babu ruwa. Wanda ya yi ta ƙarshe shi ya ranta wa kowa, kuma a wannan zamanin kafin layi ya zo kansa kaya sun tashi. Shi ya sa nake juya layin, wadda ta yi ƙarshe bana ita ce farko a zagaye na gaba. Kuskurenka ɗaya ne: ka kwasa ka ajiye. Matan da na ga sun ci gaba, tun kafin ranar kwasa sun san abin da za su saya. Akwai wadda ta fara da zubin naira ɗari biyu daga kuɗin awara, kwasar farko ta sayi tunkiya, ta biyu injin taliya, daga baya firiza ta hannu. Yau ita ke biya wa 'ya'yanta biyu kuɗin makaranta, mijinta ya daɗe ba aiki. Akwai kuma waɗanda kowace kwasa a anko da gudummawar biki take ƙarewa. Ba na zagin biki, zumunci ne, amma shekara goma ana abu ɗaya ba a ga ko akuya ba, da gyara.

Maman_Ihsan: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wata uku da suka wuce anko huɗu aka kawo min. Na ɗauki ɗaya na ba da haƙuri a sauran, har yanzu akwai wadda ba ta amsa gaisuwata.

Sadiq_Gwammaja: Ku duba tarihi mana. Alhassan Ɗantata da fataucin goro ya fara, yana bin hanyar Gwanja tun yana saurayi. A 1929 da aka buɗe banki a Kano, raƙuma ashirin na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Aliko Ɗangote ma alewa ya riƙa sayarwa tun yana firamare. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Abba_Sharaɗa: Sadiq, ka ƙarasa labarin. Ɗangote jinin gidan Ɗantata ne ta wajen uwa, kuma da ya tashi fara kasuwanci a 1977 a cikin dangi aka ba shi rancen jari. Yara nawa ne suka sayar da alewa a Kano? Ba na rage masa ƙoƙarinsa, amma ba misalin yaron shago ba ne.

Sadiq_Gwammaja: Na yarda da batun jarin. Amma 'ya'yan masu kuɗi nawa aka ba jari suka cinye? Su ma ka ƙirga su.

Ɗan_Achaba_A_Da: Ni nawa labarin a kan titi ya faru. Na fara achaba a Kano ina da shekara 19, mashin ɗin wani ne, kullum da dare in kai masa balas. Muna da yawa a tasharmu, kuma kuɗi na shigowa a lokacin. Wasu in sun tashi aiki sai wurin mai shayi da ƙwai, sai gidan kallon ƙwallo, gobe a sake. Ni akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da nake kai wa ɗari uku kullum ta ajiye min, tana ƙulle su a cikin wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado. A watan Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a mashin, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Dare ɗaya sana'ar ta mutu. Da na je wurin tsohuwar nan ta zazzage kwallar a kan tabarma, muka yi ta ƙirga canji har bayan isha'i. Da shi na ba da kafin alƙalami aka ba ni A Daidaita Sahu ina biya kaɗan-kaɗan. Shekara biyu na gama biya. Yanzu ina da uku, yara biyu na ja min. Cikin abokan tasharmu akwai wanda ya koma ƙauye, akwai wanda ya tafi Legas, akwai wanda har yau in mun haɗu sai na ba shi na mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma zan faɗi gaskiya, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwana biyu, yaran da ke ja min ba sa iya ajiye abin da nake ajiyewa a da. Na rage musu balas sau biyu.

Bintu_Ɗorayi: Ina karanta ku tun ɗazu, kowa na yabon aikin ƙuruciya. Ni na yi shi, kuma ba zan yabe shi duka ba. Tun ina shekara bakwai aka ɗora min farantin talla. Da safe ƙosai, da rana dafaffiyar gyaɗa, da yamma tuwo a bakin tasha. Kuɗin ana tara min kayan ɗaki ne. Aji huɗu na tsaya a firamare. An yi min gado da kwanuka da katifa, ba a rage komai ba, kuma cikin shekara shida duk sun tsufa ko an sayar. Ƙawata da aka bari ta yi karatu yanzu ungozoma ce a asibiti. Ni sai da na haifi uku na shiga makarantar yaƙi da jahilci, da ita nake rubuta muku wannan. Abin da na gani a tasha ina yarinya ba zan so 'yata ta gani ba. Don Allah in ana cewa yara su koyi neman na kai, a bambanta koyon sana'a da tura yarinya titi.

Hajiya_Uwar_Adashi: Bintu 'yata, gaskiya kika faɗa, ba mai musa miki. Ni ma na yi talla, kuma ban ɗora wa nawa ba. A cikin gida suke taya ni ƙulla kaya bayan sun dawo daga Islamiyya.

Malam_Na_Fagge: Allah ya saka wa Bintu da alheri. Karatu ma tari ne, kuma shi ɓarawo ba ya ɗauka.

Abba_Sharaɗa: Malam, masu digiri nawa ke jan A Daidaita Sahu? Ɗan_Achaba_A_Da zai ba ka labari.

Ɗan_Achaba_A_Da: Ɗaya daga cikin yarana ma ya gama jami'a. Amma shi ne ke rubuta min lissafi, kuma na san ba zai daɗe a kan keken ba.

ƊanMaraɗi_227: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni daga Maraɗi nike. Abin da ya samu Yaron_Kwari mun san shi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, dare guda, mahaifina yana ba mu labarin 'yan kasuwar da suka kwana da kuɗɗi suka tashi da rabinsu in za su sayo kayan waje. Yanzu kuma abin ya juya. 'Yan shekarun baya jikka guda ta sefa, wato sefa dubu, wajen naira 600 ce, a 2024 ta haura naira 2,000. Samarinmu masu zuwa ci-rani Kano da Legas da suka ajiye naira sun yi kuka. Mu nan bankin talaka bisashe ne. Yaro in ya dawo daga ci-rani sai ya sayi 'yar akuya ko tunkiya ya bar ma uwarsa, in ta haihu a raba. Ni da haka na yi sadakina. Amma su ma ba tabbas, wanda ya ga yunwar 2005 ya san yadda aka riƙa ba da tunkiya a kan 'yan tiyoyin hatsi.

Manomi_Ɗan_Giwa: Maganar ƊanMaraɗi ta tuna min da tawa. Kowa cewa yake a juya kuɗi zuwa kaya, ni ma haka na yi. Shekara biyu a jere ina sayen masara da kaka in ajiye zuwa bazara, ina samun alheri sosai. A kakar 2024 na zuba duk abin da na tara tun ina saurayi, har da kuɗin bijimin da na sayar, na cika ɗaki da buhuna. Sai farashi ya yi ta sauka a 2025. Na biya kuɗin magani don ƙwari, na biya mai gadi, ƙarshe na sayar ƙasa da yadda na saya. Shekaruna 38, kusan daga farko na sake farawa. Ba ina hana kowa ba ne, amma kar a zuba komai wuri ɗaya.

Umar_Kaduna: Allah ya mayar maka da alheri, amma ku masu ɓoye abinci ku ne kuka sa talaka ya kasa sayen kwanon masara a 2024. Wannan ba tari ba ne, cutar da jama'a ce.

Manomi_Ɗan_Giwa: Buhu arba'in ne fa ɗan'uwa, ba sito ba. Kuma in ba mu saya da kaka ba, manomin da ke neman kuɗin biyan bashin taki wa zai sayar wa?

Malam_Na_Fagge: Ku yi haƙuri da juna. Malamai sun bambanta ajiye abinci don buƙatar gaba da kuma saye a ɓoye lokacin da mutane ke cikin ƙunci don farashi ya hau. Na biyun ne aka hana. Tanadi kuwa yana cikin Alƙur'ani, a Suratu Yusuf, inda aka yi shekara bakwai ana barin hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun fari. Kuma Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas cewa ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane. Ina faɗin wannan ne saboda wasu samari suna fakewa da tawakkali, su ce arziki na Allah ne, su kwanta. Arziki na Allah ne babu shakka, amma an ce ka ɗaure raƙuminka. Yaron_Kwari, akwai wata magana ta Sayyidina Umar a Muwaɗɗa da ta dace da kai, inda ya ce a riƙa juya dukiyar marayu a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. To in ɗaya cikin arba'in a shekara ana gudun ya cinye dukiyar da ke kwance, ina ga hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024?

Zango_Kumasi: Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan adashi susu muke ce masa. Mai karɓa yana zagayawa kasuwa kullum da katinsa, ƙarshen wata ya mayar maka da kuɗinka ya cire zubin kwana ɗaya ladansa. Kakana goro ya kawo shi nan daga Kano, kuma abin da ya bar mana gida ne a Zango, har yau jikoki na ciki. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a Gana ta wuce kashi 50, har waɗanda suka ba gwamnati rance, ciki da tsofaffi 'yan fansho, sai da abin ya taɓa su. Ba Najeriya kaɗai ba ce.

Nas_Rabi: Akwai abin da ba wanda ya ambata sai Abba a fakaice: ciwo. A asibiti nake aiki, kuma a gabana nake ganin tarin shekara ashirin yana ƙarewa cikin wata biyu. Mai ciwon ƙoda da ake wa wankin jini sau biyu a mako, fili ake sayarwa, sannan gona, sannan a fara yawo da takarda a masallatai. Da yawansu hawan jini ne da aka bari tun suna samari, wasu kuma ƙwayoyin ƙarin ƙarfi da na kashe ciwo da suka riƙa sha don su yi aiki ba hutu. Ku masu neman kuɗi da ƙuruciya, ku auna jininku, ku ci abinci, ku yi barci. Kuma ku tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya a jiharku, tun 2022 doka ta ce kowa ya shiga.

Babban_Yaya: Ni matsalata daban ce. Ni ne na fari a gidanmu, mu goma sha ɗaya, mahaifinmu ya rasu ina shekara 21. Na yi aiki kamar ba gobe, gyaran waya a Farm Centre tun ana yayin Nokia mai tocila. Kuɗi sun shigo hannuna, ba zan ɓoye ba. Amma duk sanda na tara sai wani abu ya taso: kayan ɗakin ƙanwa, kuɗin jarrabawar ƙane, maganin Inna. Na aurar da mata biyar. Yanzu shekaruna 44, gidan haya nake, sa'o'ina da ba su da wannan nauyin sun yi gini. Wani dare nakan kwanta in yi ta lissafi. Ban yi da-na-sani ba, amma in wani ya dube ni ya ce ban yi tanadi ba, raina yana ɓaci.

Ummu_Sultan: Yaya, Allah ya biya ka da gidan Aljanna. Ƙannen naka su ji tsoron Allah su tuna da kai.

Babban_Yaya: Biyu daga ciki suna yi, alhamdu lillahi. Ɗayan ne ma ya biya min hayar bana.

Ma'aikaciyar_Banki: Ƙanena Yaron_Kwari, ga 'yan abubuwa daga ɓangarenmu. Ajiyar asusu a ɗaki ta nuna illarta lokacin canjin kuɗi, daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Da idona na ga dattijo ya kawo ƙunshin dubu-dubu sun manne da juna saboda danshi, wasu gara ta taɓa. In kana gudun kuɗin ruwa akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, kuma gwamnatin tarayya tana fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, tun 2017. Ma'aikaci ana cire masa kashi 8 na fansho, mai aikin ya ƙara kashi 10, amma tun 2019 akwai tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, kana zuba abin da ya sawwaƙa. Ba zan ce maka ɗaya daga cikinsu zai riƙa tsere wa tsadar kaya kullum ba. Shawarata ka raba: kaɗan a inda hannunka zai kai in larura ta taso, sauran a abin da ka san kansa. Kuma duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata ɗaya, ka tuna MMM a Disambar 2016.

Sadiq_Gwammaja: Wannan ta ƙarshen a ja mata layi. Wani tsarin intanet ya cinye min dubu ɗari huɗu, kuɗin da na yi shekara biyu ina tarawa don lefe. Abokina ne ya kai ni, shi ma nasa ya tafi. Sai da aka ɗaga bikin wata takwas.

Alhaji_Mai_Shadda: Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Yaro, ni a kasuwar da kake nake, shekara talatin da ɗaya. Da ɗaukar dila a ka na fara, sannan kayi-nayi, ina tare baƙi a bakin layi in kai su shagon wani a ba ni la'ada. Ranar da maigidana ya sallame ni, abin da na tara bai kai kuɗin turmi ashirin ba. Amma ya kama hannuna ya kai ni wurin mutum uku da yake sari a hannunsu, ya ce wannan yarona ne, shekara tara bai taɓa cin min ko sisi ba, ku ba shi kaya. A ranar aka ba ni kayan da ko shekara ashirin na yi ina adashi ba zan tara kuɗinsu ba. Yanzu ni ma na sallami yara huɗu. Ina lura da wanda ke riga ni zuwa shago, da wanda in na aike shi banki yake dawo da canji daidai, da kuma wanda ke iya riƙe ɗan abin da nake ba shi. Yaron da ya kasa riƙe dubu biyar ɗinsa ba zan danƙa masa miliyan biyar ta mutane ba. Saboda haka adashin nan naka, ko da ya rage daraja, akwai mai kallo. Na ga ambaliyar da ta shiga Kwari a 2022, na san waɗanda gobarar Sabon Gari ta 2016 ta cinye wa komai. Waɗanda suka miƙe da wuri su ne waɗanda aka yarda a sake ba su kaya bashi.

Bakanike_Ƙofar_Ruwa: Alhaji, Allah ya ƙara irinku, amma ba duk iyayen gida ne haka ba. Na yi wa wani bauta shekara goma sha huɗu, kullum sai ya ce baɗi. Da na matsa sai ya ce na yi masa rashin kunya, na fita da kayan jikina. Inyamurai a Sabon Gari tun ranar da aka kawo yaro ake yanke shekarun da zai yi a gaban iyayensa, in sun cika a ba shi jari. Mu kuwa sai kunya da kara, ba a magana, har yaro ya yi furfura a shagon wani.

Alhaji_Mai_Shadda: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma laifinmu ne mu manya. Wanda ya ci gumin yaro zai biya a gaban Allah. Ni ina goyon bayan a riƙa yanke lokaci a gaban shaidu.

Abba_Sharaɗa: To kun gani. Bakanike ya yi aikin, ya yi amanar, ya tashi a tutar babu. Shi ya sa na ce akwai rabo a ciki, akwai kuma hannun da ka faɗa.

Bakanike_Ƙofar_Ruwa: Ban tashi a tutar babu gaba ɗaya ba Abba. Na fita da sana'ar a hannuna, kuma kwastomomi bakwai suka biyo ni gindin bishiyar da na koma. Shekarun ne dai ba za su dawo ba.

Yaron_Kwari: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, na karanta kowanne sau biyu. Hajiya, kwasata ta gaba saura mako shida, dubu ɗari da ashirin ce. Tunanina ya rabu biyu. Ko in sayi raguna biyu in kai wa kawuna a ƙauye ya turke min zuwa Babbar Sallah, ko in roƙi maigidana ya bar ni in sa 'yan mayafai da ɗankwali nawa a gefen shago. Na biyun ya fi kwanta min, amma ina tsoron kar ya ga kamar ina neman raba masa hankalin ciniki. Shekarata biyar a wurinsa, kuma ba mu taɓa maganar sallama ba.

Alhaji_Mai_Shadda: Kar ka tunkare shi kai kaɗai, kuma kar ka yi maganar a shago. Mahaifinka ya je gidansa bayan Magariba, su gaisa, ya yi godiya, sannan ya kawo zancen. Ka zaɓi kayan da shi ba ya sayarwa.

Manomi_Ɗan_Giwa: In ragunan ne, ka fara tambayar kuɗin dusa da harawa a wurin kawun naka kafin ka saya. Bara abincin ya cinye ribar mutane da yawa.

Bintu_Ɗorayi: Kuma duk wanda ka zaɓa, kar ka taɓa kuɗin makarantar.

Abba_Sharaɗa: Ni har yanzu ina kan bakata, amma ina yi maka fatan alheri ƙanena. Ka dawo ka gaya mana yadda kuka yi da maigidan.

Yaron_Kwari: In sha Allahu. Zan yi wa Baba maganar yau da dare. Alhaji, in ya amince, mayafi ya fi tafiya yanzu ko hula?

Alhaji_Mai_Shadda: Wane layi kake? Ya danganta da masu wucewa ta ƙofarku.